Surukina Yana Jiran Kayan Jirgin Ruwa a Zaurensa

Assalamu alaikum, Anti Ummi Kulsum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki daure ki amsa mini da wuri, domin abin da ya dame ni yana da ranar ƙarewa, sai dai ni kaina ban san wace rana ce ba. Daga Roni nake rubuto miki. Ki yi haƙuri in kin ga zancen nawa yana gaba yana baya, haka kan nawa yake a 'yan kwanakin nan.

Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, a hannun mahaifiyata na gaje ta. Mu goma sha huɗu ne a unguwarmu matan da ke wannan sana'a, muka haɗa ƙungiya, suka ce ni ce sakatariya saboda na gama sakandare kuma ina da babbar waya. Wadda ba ta taɓa matsar mai da hannu ba ba za ta gane wahalarsa ba. Ki soya, ki murje, ki kai markaɗe, ki dawo ki durƙusa kina juya ƙullu a turmi da ruwan zafi har mai ya tsatso, sannan ki bi ki matse. Shugabarmu Iya Shatu yatsunta duk sun ƙage, zani ma sai an kama mata take ɗaurawa. Shekara uku muka yi muna tari don mu sayi injin matsar mai. Akwai wadda ta sayar da tinkiyarta, akwai wadda ta cire 'yan kunnen aurenta ta kawo.

Injinan da muka gani a Kano duk na hannu ne, sun sha jiki. Sai wani ɗan garinmu mai suna Musaddiƙ, wanda ke harkar shigo da kaya a can Kano, ya ce zai iya yi mana odar sabo dal daga Indiya, a haɗa shi da kayan wasu mutane a kwantena ɗaya, jirgin ruwa ya kawo. Muka yarda. Ya ce tunda ƙungiyarmu ba ta da rajista, mu ba shi sunan mutum ɗaya da za a rubuta a matsayin mai karɓar kaya, da katin shaidarsa.

To Anti, a nan ne na yi abin da na yi. Kin san yadda muke. Katin biki sunan dattijon gida ake sawa a sama, ko da bai sayi cokali ɗaya ba. In za a sayi fili, shi ake sawa a gaba. Mahaifin maigidana yana raye, ya haura tamanin, Baffa muke ce masa. A kangonsa muke suyar gyaɗa shekara da shekaru, bai taɓa karɓar ko kwalbar mai ba. Ta yaya zan rubuta sunana a takardar da za ta tsallaka teku alhali yana zaune? Ni na kawo shawarar a sa nasa, matan nan kaf suka ce na yi daidai. Musaddiƙ ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata, na ce na tabbata. Sunan ma ban iya faɗa masa ba, don shekarata goma sha tara a gidan nan bai taɓa fita daga bakina ba, hoton katin na ɗauka na tura masa. Maigidana ya kai wa Baffa takardun farko, ya ce masa kaya ne za su zo daga ƙasar waje da sunansa. Tsoho ya ji daɗi, ya sa hannu da ajami, ya yi ta sa albarka.

Aka yi wata biyu da wani abu shiru. Kwana goma sha biyu da suka wuce sai Musaddiƙ ya turo mini hoton wata takarda, ya kuma buga ta ya sa a ambulan ya ba direban motar Kazaure ya kai wa Baffa, tunda sunansa ne a jiki. Ya ce takardar sanarwar isowar kaya ce, kamfanin jirgi ne ke aika wa mai kaya. Mu dai abin da muka sani, in aka yi maka aike, direba zai kira ka, ka je tasha ka faɗi lambar wayarka ka ɗauko abinka. Na zaga na gaya wa mata inji ya iso, har an fara rabon wadda za ta dafa shinkafa da wadda za ta yi zoɓo. Da yamma Musaddiƙ ya ce in tsaya tukuna, jirgin ma yana kan ruwa, kuma iyakarsa Legas, ba wanda zai taho da injin Arewa sai mun tashi mun nema. Kunya ta kama ni, na sake bi gida-gida ina janye maganata.

Turancina na sakandare ne, amma na zauna da takardar nan na karanta ta ya fi sau ashirin. Kwanan wata har uku ne a jikinta, ban san wanne ne nawa ba. Ga wasu dogayen lambobi, ga sunan jirgi, ga sunan wani wuri da ban gane unguwa ce ko sito ne ba. Bayan kwana biyar wata ta sake zuwa, komai iri ɗaya, sai dai ranakun sun sauya. Musaddiƙ ya ce jirgin ne ya yi jinkiri a hanya. Ya ce in an sauke kaya akwai 'yan kwanakin alfarma da ake bayarwa, in suka wuce kullum ta Allah sai an caje mu kuɗin ajiya, in abin ya yi nisa hukuma na iya kwashe injin ta yi gwanjonsa. Na tambaye shi daga yaushe ake fara ƙirga kwanakin, ya ce daga ranar da aka sauke. Na ce to yaushe aka sauke, ya ce ba a sauke ba tukuna, amma mun makara. Anti, yaya mutum zai makara a abin da bai faru ba? Wallahi kaina ya kulle.

Abin da yake nema yanzu takarda ɗaya ce, wai takardar wakilci. Baffa zai sa hannu cewa ya wakilta wani mai fito wa mutane da kaya daga tashar jirgin ruwa a Legas, abokin aikin Musaddiƙ, ya karɓa a madadinsa. Sai an sa hannun nan komai zai motsa.

Shi kuwa Baffa ya fahimci abin ta wata fuska dabam. A wurinsa takardar nan irin aiken da baƙo mai mutunci yake yi ne kafin ya iso, don kada ya faɗo wa maigida ba shiri. Ya ce mutanen Indiya sun san ya kamata. Ya adana ta a akwatinsa tare da takardun gona, ya sa an share zaure, ya sayi sabuwar tabarma, kullum bayan la'asar yana zaune da babbar riga. Da ta biyun ta zo ya ce ba komai, baƙi sun ɗaga tafiya, hanya a hannun Allah take. A ganinsa wanda ya aiko ya ce yana tafe shi ne zai ƙaraso, kuma babba ba ya zuwa ɗauko kaya, kai masa ake yi.

Sau uku ina tura maigidana. Zuwan farko ya shiga ya gaishe shi, suka yi hirar gero da damina, ya fito yana sosa ƙeya. Na biyu ya daure ya miƙa takardar. Baffa ya tambayi wane ne wannan mutumin na Legas, ɗan gidan wa ne, maigidana bai sani ba, ni ma ban sani ba. Tsoho ya naɗe takarda ya mayar masa, ya ce wanda bai san ubansa ba ba zai danƙa masa kayan da aka aiko da sunansa ba. Na uku maigidana ko shiga bai yi ba, ya ce ni na ɗauro wannan kaya, in san yadda zan sauke. Na ji haushinsa sosai, amma ban da bakin magana.

Akwai kuma wadda ta fi duka. Baffa ya gaya wa 'yan majalisarsa cewa inji aka aiko masa daga Indiya. Har ya nuna inda za a fasa katangar kango a girka shi, ya ce matan unguwa su riƙa matsa kyauta, ba zai karɓi komai ba. Ban san ko ya ɗauka nasa ne da gaske ba, ko kuwa irin maganar manya ce. Ranar farko Iya Shatu dariya ta yi har da hawaye, yanzu ta daina dariyar. Ta ce ita Musaddiƙ ma ba ta yarda da shi ba, duk mai azalzalarka da waya safe da rana akwai abin da yake ɓoyewa. Wasu sun ce a sauya sunan a sa nawa, wasu sun daina amsa gaisuwata da daɗin rai. Mai tinkiyar nan in ta gan ni kallona kawai take yi, kuma na fi son ta zage ni.

Bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Shekaranjiya da hantsi, gida ba kowa, na buɗe hoton takardun farko a wayata, na sami kwalin sabulu na riƙa kwaikwayon sa hannun Baffa. Ba wuya, sau huɗu na yi ya fito sak. Sai na tsaya ina kallon sunan da ban taɓa furtawa ba, ga shi na rubuta da hannuna don in yi masa ƙarya. Na jefa kwalin a murhu. Amma Anti, ba zan ɓoye miki ba, zuciyata tana ta komawa can, tana ce mini ai ba cutarsa zan yi ba, kayanmu ne.

Ni ba na iya zama gaban Baffa in yi masa bayani. Iyakata da shi gaisuwa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Kuma in aka ce masa injin ba nasa ba ne bayan ya gaya wa duniya, da wane ido zai dubi abokansa? To wace rana ce ta gaskiya a cikin takardun nan? Musaddiƙ gaskiya yake faɗa ko tsorata ni yake yi? In sa hannun, ko a sauya suna, ko in zuba ido? Ki fitar da ni, Allah Ya fitar da ke kunyar duniya da lahira.

Mai Man Gyaɗa, Roni.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata Mai Man Gyaɗa. Na yi dariya a tsakiyar wasiƙarki, na zo ƙarshe na daina, kamar dai Iya Shatu. Ni ba ma'aikaciyar tashar ruwa ba ce, don haka kafin in amsa sai da na zauna da wani ƙanena da ya daɗe yana fitar da kaya a Legas. Ki kwantar da hankalinki, abin bai lalace ba, amma ba na zuba ido ba ne.

Mu fara da takardar. Sanarwa ce kawai, kamfanin jirgi yana gaya wa mai kaya cewa jirgi ya kusa, ya shirya. Ba ta nufin an sauke, ba ta nufin za a kawo. Ranar isowar da ke jiki kintace ce, shi ya sa take sauyawa, kuma duk lokacin da sabuwa ta zo ita ce abin bi, tsohuwar ta tashi aiki. Maganar makara kuwa Musaddiƙ ya yi gaskiya, bayanin ne bai iya ba. Masu wannan aiki tun jirgi na kan ruwa suke haɗa takardu, don kwanakin alfarmar kaɗan ne, wanda ya jira sai an sauke zai fara yakan cinye su a zirga-zirgar ofis. Ki ce ya rubuto miki da Hausa, a saƙo, ranar da alfarmar za ta ƙare, da inda za a ajiye injin, da abin da ya rage a yi. Sannan a jikin takardar akwai lambar ofishin da ya aiko ta. Ki kira da kanki, ki karanta musu doguwar lambar kayanku, ki ji ko maganarsu ta zo ɗaya da tasa. In ta zo ɗaya, zargin Iya Shatu ya faɗi, ku ba bawan Allah haƙuri. Mutumin da ya tambaye ki sau biyu ko kin tabbata bai yi mini kama da macuci ba.

Sa hannun nan kuwa, kin yi daidai da kika ƙone kwalin, kada ki sake komawa. Laifi ne a wurin hukuma, zai iya jawo a riƙe injin gaba ɗaya, kuma a gida ya fi muni, domin ranar da mota ta sauke inji a ƙofarsa Baffa zai tambayi wanda ya ba da izini. Sauya suna ma ba mafita ba ce a yanzu. Sai an koma ta kan masu aikowa a Indiya, yana cin lokaci, kuma ƙanena ya ce da wuya a yi shi ba da yardar mai sunan ba. Ku bar wannan ya zama darasi don gaba, ku je ku yi wa ƙungiyarku rajista ta sami sunan kanta. Katin biki dabam, takardar kaya dabam, ita wanda aka rubuta shi ne mai magana.

Yanzu bari in tsaya wa Baffa. A duk wasiƙarki ba wanda ya yi tambayar hankali kamarsa. Kuna shirin danƙa gumin shekara uku a hannun wani mutum a Legas, ke ba ki san shi ba, mijinki bai san shi ba, tsoho ne kaɗai ya ce wane ne. Ku amsa masa tambayarsa. Musaddiƙ ya kawo cikakken sunan mutumin, da adireshin ofishinsa, da shaidar cewa hukuma ta ba shi izinin wannan aiki. Kuma kada ya aiko, ya zo da ƙafarsa. Kano zuwa Roni ba wata tafiya ba ce, shi ɗan gari ne, Baffa ya san gidansu. Ya zauna a gabansa ya karanta masa takardar da Hausa layi-layi, ya ce shi ya tsaya wa mutumin. Ya yi masa bayani cewa kayan jirgi a bakin ruwa suke tsayawa, mai su ne yake tura wakili, kuma manyan 'yan kasuwa ma haka suke yi. In Baffa yana son idonsa a wurin, ga ɗansa nan, ya tura shi ya raka kayan. Maigidan naki da ya iya hirar gero, wannan karon ya ɗauki jaka. Shi ya kai takardun farko ya faɗi rabin magana, saboda haka shi ma yana da hannu a ɗaurin kayan nan.

Maganar mallaka kuma dole a yi ta a wannan zaman, kafin a sa hannu. In kuka bari sai inji ya zo, rigima ce za ta raba ku da kango, ta raba ki da gidan mijinki. Iya Shatu ce za ta yi magana, tunda babba ce kuma ba surukarsa ba ce. Ku je ku duka, a cikin gida, ba a gaban 'yan majalisa ba. Ta faɗa masa gaskiya yadda take, cewa ku kuka tara, ta faɗi tinkiyar da 'yan kunnen, ta ce kun rasa wanda ya fi shi cancantar riƙe muku amana shi ya sa kuka sa sunansa. Ina kyautata zaton dattijon da ya ba ku kango shekara da shekaru bai karɓi komai ba zai fi jin daɗin wannan matsayi a kan na mai inji. Yadda zai gyara zancen a wurin abokansa ku bar masa, manya sun san hanyarsu. Yana iya yin fushi na yini ɗaya ko biyu, ku jure, yana da haƙƙin yi, don an bar shi a duhu.

Saura ke. Na san za ki so ki tura Iya Shatu ki laɓe a ɗaki, to ban yarda ba. Kunyar suruki abu ne mai kyau, ni ma na yi ta, amma abin da ta hana ki shi ne kiran suna da haɗa ido, ba ta hana ki faɗar gaskiya ba. Ki durƙusa a bayan Iya Shatu, kanki a ƙasa yadda kika saba, in ta gama ki ce ke kika kawo shawarar, ke kika yi kuskuren rashin yi masa cikakken bayani, ya yafe miki. Magana ce da ba ta fi numfashi uku ba. Ku yi wannan gobe ko jibi, kada ya wuce haka.

Ki duba abin ta nan. In injin nan ya salwanta, ba wanda zai ce sakatariya kunya ta ji. Abin da za a faɗa a Roni shi ne tsoho ya zauna a kan takarda har gumin mata goma sha huɗu ya tafi gwanjo, kuma zai ɗauki wannan magana har ƙarshen ransa alhali bai san ya yi ba. Don ki girmama shi kika sa sunansa a wurin, to yanzu shirunki ne zai zubar masa da girman. Ki tashi ki je.

Allah Ya kawo injinku lafiya, Ya hutar da hannuwanku, Ya ƙara wa Baffa lafiya da nisan kwana, Ya bar ku tare cikin mutunci.

Taku, Anti Ummi Kulsum.